Ku Bar Mini Daren 22 Ga Afrilu

To jama'a, ku matso kusa, shayin nan bai huce ba tukuna. Wata shawara nake so mu yanke tsakaninmu, kuma kada kowa ya kai ta gida kafin mu gama, don in uwargida ta ji za a kwana a waje saboda kallon sama, cewa za ta yi zafin bazara ya taɓa mana kai.

Kun san duk shekara, wajen 22 zuwa 23 ga Afrilu, akwai daren da taurari ke yawan gilmawa. Masana suna kiran abin Lirid. Sai dai ba taurari ba ne ke faɗowa. Wani tauraro mai wutsiya ne, wanda wani Ba'amurke mai suna Thatcher ya hango a 1861, ya bar ƙura a kan hanyarsa. Shi kansa sai ya shafe fiye da shekara 400 kafin ya zagayo rana sau ɗaya, don haka babu wanda zai gan shi a cikinmu. Amma duniya tana ratsa ƙurarsa kowane Afrilu. Yawancin ɓurɓushin bai wuce ƙwayar gero ba, sai dai yana shigowa da gudun kilomita 49 a daƙiƙa, ya ƙone can wajen kilomita 100 a sama. Wannan ƙonewar ce muke gani. Mutanen Sin sun rubuta labarin wannan gilmawar taurari tun shekara ta 687 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Kun ji daɗewa.

Malam, na ga ka gyara zama. Na san me za ka ce: tun muna yara ake gaya mana jifan shaiɗanu masu satar saurare ne, wasu tsofaffi kuma su ce wani babban mutum ya rasu. Wannan fagen naku ne, ba na shiga. Ni dai ranar da za a fita kallo na sani.

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce, abin sai da haƙuri. In sama ta yi wasai, babu farin wata, mutum zai ga goma zuwa ashirin a awa guda. Sai ka yi minti biyar kana zuru babu komai, kana juyawa ka kashe sauro, na kusa da kai ya ce "ga shi can!", kafin ka ɗago ya ɓace. Wani lokaci dai yakan ba da mamaki, kamar a 1982 da aka ƙirga kusan casa'in a awa a Amurka. Kada dai kowa ya sa rai da haka.

Ba a bukatar madubin hangen nesa, ido ya isa. Tabarma, filo, maganin sauro, shi ke nan. Mu fita bayan gari inda babu fitilu, in kuma an ɗauke wuta a unguwa, to faɗuwa ta zo daidai da zama. Waya kuwa a aljihu za ta kwana, Alhaji, da kai nake. Ido yana bukatar minti ashirin zuwa talatin kafin ya saba da duhu, leƙa Facebook sau ɗaya ya rushe komai. Daga tsakar dare zuwa kiran assalatu ne lokacin, sa'ad da tauraron nan mai haske, Vega, ya hau sama daga arewa maso gabas.

Ga sirrin da na tara ku dominsa. Na Afrilu share fage ne kawai. Namu na gaske yana zuwa wajen 5 zuwa 6 ga Mayu, daga ƙurar wani tauraro mai wutsiya da ake kira Halley, wanda ya leƙo a 1986, ake kuma jiran sa a 2061. Ɓurɓushinsa ya fi gudu, kilomita 66 a daƙiƙa, ya kuma fi yawa. Mutanen Ingila kaɗan suke samu, saboda gari na waye musu kafin abin ya kankama. Mu da ke Kano ko Damagaram mun fi su morewa nesa ba kusa ba, in dai hadarin farkon damina bai rufe mana sama ba.

Saboda haka a duba kwanan wata tun yanzu, a ga ko farin wata zai yi mana cikas. Mai mota ya sha mai, ni zan kawo shayi da tabarmi.