Tukunyar tsohuwar Habana

A shekarar 2004 wani saurayi ɗan Damagaram ya sauka Habana, babban birnin Kuba, domin karatun likita. Abinci ne ya fi ba shi wahala a watannin farko. A wannan tsibiri alade ne sarkin nama, kuma sau da yawa da kitsensa ake dafa kongiri, wato shinkafa da wake, cimar yau da kullum. Sai ya koma ga burodi da gwarapo, ruwan rake da ake matsewa a bakin titi, har ya rame.

Wata Lahadi abokin karatunsa ya kai shi gidan kakarsa. Da tsohuwar ta ji Musulmi ne, ba ta yi masa tambaya ba. Ta darje tukunyarta, ta ɗauko ɗan man girkin da ya rage mata. Tun 1962 kowane gida a Kuba yake karɓar shinkafa da sukari da mai ta hanyar littafin rabo, kuma abin da ake bayarwa da wuya ya kai ƙarshen wata. Jikanta ya san haka, ya kawar da kai.

Ajiyako ta dafa, wani romo mai kauri wanda ake haɗa rogo da gwaza da doya da dankali da kabewa da masara da agade a cikinsa. Inda aka saba sa alade, ta sa kaza. A 1939 masanin ƙasar, Fernando Ortiz, ya kwatanta al'ummar Kuba da wannan tukunya: rogo da masara na Taino ne, mutanen da Turawa suka tarar, naman shanu da alade Sifaniyawa suka kawo, doya kuwa ta biyo bayin Afirka da aka kai noman rake, waɗanda ba a ƴanta su duka ba sai 1886. Tsohuwar ba ta karanta Ortiz ba, amma ta san abin da ake fara sawa da abin da ake jinkirtawa don kada ya narke.

A gefe ta ajiye kwanon kuɓewa, wadda suke kira kimbombo, da dakakken agade mai suna fufu. Saurayin ya ga yauƙi yana bin cokali, ya tuna miyar gidansu, ya kasa magana. Ita kuma ta shiga ba shi labarin shekarun da suka biyo rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, lokacin da nama ya ɓace, mata suka riƙa dafa ɓawon agade da tafarnuwa da albasa a madadinsa, don kada yara su manta da ƙamshin girkin gida.

Bayan cin abinci ta kawo kafe a ɗan mitsitsin kofi, baƙi wuluk, sukari ya ji. Ta ba shi haƙuri, domin garin na rabo ne, an gauraya shi da gasasshen wake. Ya shanye, ta ƙara masa.

Shekara shida yana zuwa gidan. Sai da ya zo sallama jikan ya faɗa masa cewa tun ranar farko kakar ta keɓe tukunyar nan, ba ta sake barin kitsen alade ya taɓa ta ba.