Motar batir ga ɗan shekara biyu: abin da na duba kafin in biya

Duk sa'ad da Sallah ta ƙarato, masu shagunan kayan yara a Maradi sukan fito da motocin nan na batir su jera a bakin titi, wata ja, wata fara, wata mai siffar jip, wata mai siffar babur. Na daɗe ina ganinsu a matsayin kayan ƴaƴan alhazai, don kuɗin da ake kira wa mai kyau a cikinsu ya kusa rabin albashin malamin lakwal irina. Bana sai maganar ta shigo gidana. Ƙanena da ke aiki a Abijan ya aiko da kuɗi, ya ce: "Yaya, takwarana nake so a saya wa mota, kada a sa kuɗin a wani abu." Takwaran nasa shekararsa 2 da wata 4. Kuɗin amana ne, yaron kuma nawa ne, don haka na ɗauki kusan mako 2 ina zagaya shaguna kafin in fitar da ko dala.

Abu na farko da mai shago zai faɗa maka shi ne volt: 6, 12 ko 24. Mai volt 6 gudunta bai wuce tafiyar babban mutum ba, kilomita 3 zuwa 4 a awa, kuma ita ake nuna wa iyayen ƙananan yara. Mai 12 takan kai wajen kilomita 5 zuwa 8. Mai 24 ta manyan yara ce, ban ma tsaya a kanta ba. A takarda mai 6 ce ta dace da ɗana. Amma waɗanda suka ƙera ta a ƙasar Sin sun yi lissafi da daɓen siminti da ciyawar da aka aske, mu kuwa tsakar gidanmu rairayi ne. Na roƙi wani mai shago ya bari mu gwada ɗaya a gaban shagonsa, muka ɗora ɗan maƙwabcinsa. Da ta bar siminti ta shiga yashi sai tayar baya guda ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana tona rami. Inji ɗaya gare ta, a taya ɗaya, tayar kuma busasshiyar roba ce mai santsi. Mai shagon ya yi dariya ya ce, "Mushe, ai sai ka yi wa gidan daɓe." Daɓen ya fi motar tsada.

Don haka duk wanda gidansa yake irin nawa, ya leƙa ƙarƙashin motar ya ƙirga injin, ya tabbata akwai ɗaya a kowace tayar baya, ya kuma danna tayar da babban yatsa. In ta ɗan lotsa, za ta kama ƙasa. In ta yi ƙara kamar bokiti, a yashi za ta tsaya.

Sai dai ƙarfin da ke fitar da mota daga yashi shi ne kuma ke kai yaro bango. Nan ne na fi daɗewa. Yawancin motocin nan ba su da birki daban: yaro ya taka totur ta tafi, ya ɗaga ƙafa ta tsaya. Ɗan shekara 2 ya iya takawa, amma in ya tsorata ƙara dannawa yake yi. Haɗa ido da hannu da ƙafa a lokaci guda, wato ya hango murhu, ya juya sitiyari, ya saki totur, abu ne da ke zuwa daga baya. Duk wanda ya taɓa koyarwa a ajin ƙananan yara ya san yadda ɗan shekara 3 ma yake fama da bin layi ɗaya da alli. Shi ya sa kwalayen da yawa suna ɗauke da rubutun cewa daga shekara 3 ne, wasu har da zanen fuskar jariri da 0-3 an ja masa jan layi. Ban ga mai shago ko ɗaya da ya nuna mini wannan alamar ba, ni na nemo ta. Ku kuma duba tsakar gidan Bahaushe da la'asar: ga tukunya a kan wuta, ga turmi, ga bahon wanki cike da ruwa, ga jinjiri a tabarma, ga ƙofa a buɗe kabu-kabu na wucewa.

Abin da ya raba mini gardama shi ne ƴar na'urar nan da babba ke riƙewa yana tuƙa motar daga nesa, wadda muke kira telekomand. Mai kyau tana da maɓallin tsayarwa da na rage gudu, kuma umurninta yana gaba da ƙafar yaro. Wannan ma sai an gwada. Na sa an taka totur na danna tsayawa. A wata motar ta tsaya nan take, a wata kuwa ta ci gaba abinta. Ta biyun ta fi fitilu da kiɗa, har da wurin sa waƙa. Fitilun nan da kiɗan duk daga batir ɗaya suke sha.

Batirin kuwa shi ne ainihin abin da kake saye, sauran roba ce. Kusan duka na dalma ne a rufe, irin wanda ke cikin fanka mai caji ko na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke kuran. A jikinsa za ka ga lamba kamar 12V 7Ah. Lissafin mai sauƙi ne, ɗan aji shida zai yi shi: cajar da ke ba da amfiya 1 tana bukatar aƙalla awa 7 ta cika batir mai 7Ah, a aikace kuma 8 zuwa 12. Sakamakon wannan dogon jira shi ne tuƙin awa 1, in an yi sa'a 2, a yashi ƙasa da haka. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da wuta ke zuwa tana komawa, samun awa 10 a jere ba ƙaramin abu ba ne. Batirin dalma kuma abu biyu ke kashe shi da wuri: a bar shi fanko kwanaki, da zafi. Masu ƙera shi sun auna rayuwarsa a kan digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana rage ta da kusan rabi. Mu a bazara muna wuce 40. Motar da ta wuni a rana ko a ɗakin kwano, kada a yi mamaki in shekara ba ta zagayo ba ta fara ja da ciki. Na sa aka kwance kujerar na ga batirin da idona, na tabbata girmansa irin wanda ake samu a kasuwa ne. Akwai motocin da batirinsu ke da wata siffa ta daban. Ranar da ya mutu, motar ta zama wurin kwanan kaji.

Na sayi mai volt 12, inji 2, taya mai laushi, da telekomand, marar ado, ragowar kuɗin na ajiye na batir na biyu. Na bar ta a gudu mafi ƙanƙanta. Uwar yaran ta kafa nata sharaɗin, na kuma yarda da shi: ba a fitar da ita ƙofar gida, ba a hawa sai an sauke tukunya, caji kuma babba ne kawai ke sawa da cirewa.

Ƙanena ya so ya ga hoton yaro yana tuƙi kullum. Na gaya masa rabin awa ne a yini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa yaro daga shekara 1 zuwa 4 yana bukatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a rana, kuma kada a ɗaure shi wuri ɗaya fiye da awa 1 a jere. Zama a kujerar mota ana danna maɓalli ba ya cikin minti 180 ɗin. Mu da muka taso da motar kara da ta langa-langa, mu muke ƙera ta, mu muke binta da gudu har magariba. Ban ce a koma can ba, amma na lura ɗana ya fi yin gumi da dariya in cajin ya ƙare, yana tura motar da hannu biyu ya loda mata takalman gida. Wahalar da ban gama warwarewa ba ita ce ta yaran maƙwabta. Kwalin ya ce kilo 30, su kuwa uku suke son hawa lokaci guda, kuma korar ɗan maƙwabci daga gidanka ba ƙaramin abin kunya ba ne. Yanzu dai layi suke yi, yayarsa ce mai kiran suna.

Saura batun tsohon batir. Kada a bar shi a tsakar gida, kada a bai wa yara su fasa. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka rasu a Thiaroye-sur-Mer, a gefen Dakar, saboda ƙurar dalma daga tsofaffin batiran da ake fasawa a cikin unguwa. Dalma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro, kuma sai ya shiga lakwal ake ganin illar. Na riga na yi magana da mai sayar da batir na unguwarmu: ranar da zan karɓi sabo, zan miƙa masa tsohon a rufe, ya rage mini wani abu a kuɗin.