A Gare ake zaɓen bas ɗin da za ta zama gida

Duk mai yawon cin kasuwa tsakanin Paraku da Jugu ya san abin da kuɗin masauki da na dako ke yi wa riba. Shi ya sa wasu 'yan uwanmu ke sayen tsohuwar bas, su cire kujeru, su mai da ita ɗakin kwana da rumbun kaya. Ni ma abin ya shiga raina, na yi kwanaki ina zagayen unguwar Gare ta Paraku.

Unguwar ta ci sunan tashar jirgin ƙasa ne. A 1936 layin dogo ya iso nan daga Kwatano, tafiyar kilomita 438, bai kuma wuce ba. A da, kayan Nijar a nan ake sauke su, a loda wa manyan motoci zuwa Malanbil da Gaya. Abin da ya tara direbobi da kanikawa da masu walda ke nan. Jirgin fasinja ya daina zuwa, amma masu guduma suna nan.

Abin da na koya a wurinsu ɗaya ne: sayi motar da bakanike na bakin hanya zai iya gyarawa. Doguwar bas mai kujeru hamsin tana jan ido, wani lokaci ma da sauƙin kuɗi, sai dai araha ba ta ado. Ga shan mai, ga tsadar taya, da damina kuma ba ta shiga hanyar ƙauye. Toyota Coaster mai kujeru kusan talatin, ko Mercedes Sprinter, sun fi dacewa da maigida da iyalinsa, kayan gyaransu kuma ba sa wuya.

Kada fenti ya ruɗe ka, Alhaji. Shimfiɗa kwali ka shiga ƙarƙashinta. Motocin da ke zuwa daga Turai ta tashar ruwan Kwatano sun taka gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara, tsatsa kuwa daga shasi take farawa. Je da sassafe a tayar da inji yana sanyi, ka dubi hayaƙi. A watsa wa rufi ruwa ka ga ko tana yoyo. Tsaya a ciki, in sai ka sunkuya, uwargida ba za ta yafe maka ba.

Sai takardu. Lambar shasi ta yi daidai da ta takardar mota. Kafin walda ta taɓa kujera, tambayi hukumar ANaTT mai rajistar motoci da CNSR mai duba lafiyarsu. Mai niyyar kai ta Najeriya ya tuna a Janairun 2017 an hana shigo da motocin sayarwa ta kan iyakar ƙasa.

Gwajin gaskiya a hanyar Jugu yake, kilomita kusan 135. Loda mata buhuna, ka sa ido kan zafin inji da birki. Jugu ita ce Zugu ta fatake, zangon ayarin goro tsakanin Kano da Gwanja. Su ma ƙafar jaki suke dubawa kafin su tashi, don in ya gurgunce a daji kaya sun shiga uku.

Ware kuɗin gado da tankin ruwa da fanka mai sola tun kafin ciniki. In bas ta cinye jari, me za ka loda mata?