Zuwa Madarumfa a kan keke mai sirdi biyu

Kawuna ya yi shekaru yana fataucin goro a kan keke tsakanin Maraɗi da ƙauyukan gulbi, kafin ciwon ido ya rufe masa gani. Ƙafafunsa kuwa garau suke. Shi ya sa da na ci karo da wani dogon keke mai sirdi biyu a cikin kayan gwanjon da ake shigowa da su ta Kwatano, ban ja ciniki ba. Irinsa ne makafi ke tsere da shi a gasar nakasassu ta duniya: mai gani a gaba yana riƙe da kai da birki, makaho a baya yana ba da ƙarfi. Kawu ya shafa shi tun daga kai har wutsiya, ya ce in kai shi Madarumfa ya ziyarci waliyyai.

Mun fita bayan asuba, lokacin kaka, an gama yankan gero. Tafiyar kamar kilomita 20 ce kudu da Maraɗi. Muka bi ta Jiratawa, inda lambunan zogale suke kore shar, Kawu yana faɗa mini sunayen ƙauyuka tun kafin mu isa, da hancinsa da kunnensa yake gane su. Fedata da tasa a haɗe suke da doguwar sarƙa ta gefen hagu, don haka in ya taka ina jin ƙarfinsa a tafin ƙafata, in na sassauta shi ma ya sani.

Wannan sarƙar ce ta fara ba mu wahala. Ta saki, tana kaɗawa, da mun shiga rairayi sai ta zame. Haka muka shiga gari muna turawa.

Mai gyaran da aka nuna mana dattijo ne, yana zaune a inuwar bedi kusa da kasuwa. Ya zagaya keken yana girgiza kai. A keke irin namu, Raleigh ko Phoenix, in sarƙa ta saki sai a kwance tayar baya a ja ta baya kaɗan. A nan ba hali, domin sarƙar tsakanin feda da feda take, kuma gidajen fedar biyu a like suke da jikin keken. Ya ce a rage tsawonta. Amma kowace gaɓar sarƙa rabin inci ce, milimita 12.7, kuma bibbiyu ake cire su. Da ya gwada da hannu sai ya ga in an cire ba za ta kai ba, in an bari ta yi yawa.

Bai yi gaggawar yanka ba, abin da ya sa na ga girmansa ke nan. Ya kifa keken, ya wanke gindin fedar gaba da kananzir, ya daɗe yana dubawa. “Malam, zo ka gani,” in ji shi. Gidan fedar gaba ya fi na baya faɗi, ya kai milimita 54. A cikinsa akwai dunƙulen alminiyam zagayayye, kuma ramin da sandar feda ta ratsa ba a tsakiyarsa yake ba, ya karkata gefe, kamar gwaiduwar da ta kwanta a gefen ƙwai. In aka juya dunƙulen, sandar feda takan matsa gaba ko baya, sarƙa ta ɗaure ko ta saki. Ƙusoshi biyu ne a ƙasa suke matse shi. Wasu maƙeran sukan tsaga gidan su ɗaure bakin tsagar, wasu kuma su sa ƙarfe mai tsini a ciki wanda ke buɗa dunƙulen ya cije bango.

Tsatsa ta kama shi. Dattijon ya ɗiga mai, ya jira, ya bubbuga da katako don kada guduma ta lotsa alminiyam, har ya motsa. Ya zaro shi, ya goge, ya shafa giris, yana cewa busasshe ne ke kuka a kowane taku. Sannan ya juya shi sannu a hankali. Bai tsaya a ɗauri ɗaya ba: ya riƙa zagaya feda yana taɓa sarƙar, domin farantan haƙoran ba su cika zama daidai zagaye ba, akwai inda take tsukewa. A nan ya bar mata wasa kamar faɗin ɗan yatsa, ya matse ƙusoshin. Da yake sandar ta ɗan sauka ƙasa, sai ya rage mini tsawon sirdi.

Kawu ya miƙa hannu ya latsa sarƙar. “Allah ya yi wa hannun nan albarka,” ya ce.

Da la'asar muka gangara tabkin garin. Ruwa ya cika, masunta na fitowa da tarwaɗa, balbelu sun yi fari a bakin gaɓa. Kewaye da shi ne kaburburan waliyyai 99 suke, waɗanda tare da tabkin da dajin garin Nijar ta gabatar wa UNESCO a 2006, kuma a 2019 aka sa tabkin cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Na kama hannun Kawu, muka bi kaburburan da ke kusa, yana addu'a ina cewa amin. Bayan nan ya zauna da masunta ana hirar ruwan gulbi, da yadda ya canja tun da aka yi madatsar Jibiya a Katsina.

Washegari muka biya mu yi wa dattijon sallama, muka tarar ya jera tsofaffin kekuna biyu a ƙasa yana awo da zare. Ya ce akwai makafi a garin da ƙafafunsu suke da ƙarfi kamar na Kawu. Walda ba ta gagare shi ba, dunƙulen nan ne sai an je wurin masu injin fiƙe ƙarfe a Maraɗi. Ya zana faɗinsa da karkatar raminsa a kan kwali, ya ba ni in kai musu in tambayo kuɗin aiki.