Sarki Uziya mai rijiyoyi da ubanshi Amaziya

Yau labarin sarakuna biyu na kawo maku, uba da ɗa. Sun yi sarauta a ƙasar Yahuza, babban birninsu Urushalima, tsakanin shekara ta 800 da ta 740 kafin haihuwar Yesu Almasihu, ko kusa da haka. Labarin shina cikin Littafi Mai Tsarki, littafin Tarihi na biyu, sura 25 da 26. Ni Kirista ne, aikina koya ma manya karatu. Ran Lahadi da marece mukan zauna da dattawan ikilisiyarmu da suka iya karatu bara da bana, muna bin tarihin sarakuna a hankali. Waɗanga biyu suka fi tsaya mani a rai, don kowanensu ranar da ya samu ya faɗi.

Mu fara da uban. Amaziya ya shirya yaƙi da mutanen Edom. Ya ƙidaya mayaƙanshi, 300.000, ya ga ba su isa ba. Sai ya yi hayar wasu 100.000 daga ƙasar Isra'ila, ya biya talanti 100 na azurfa, wajen tan 3 ke nan. Wani bawan Allah ya zo ya ce mashi shi sallame su, don Allah ba ya tare da su. Sarki ya ce to, kuɗin da ya biya fa? Aka amsa mashi Allah na da ikon ba shi abin da ya fi wannan. Ya sallame su.

Ku dubi nauyin abin. Kamar ka biya ƴan ƙwadago kuɗin noma tun da safe, a ce ka sallame su ba su sa hauya ƙasa ba. Kuma biyayyar ba ta zo mashi da sauƙi ba. Mayaƙan da aka kora sun tafi da fushi, suka faɗa ma garuruwan Yahuza, suka kashe mutum 3.000, suka kwashi kaya. Duk da haka Amaziya ya ci yaƙinshi a Kwarin Gishiri.

To, ga abin mamaki. Cikin ganima ya kwaso gumakan Edom. Sarakunan wancan zamani sun saba kwashe gumakan waɗanda suka ci da yaƙi, don a ga sun fi ƙarfinsu. Shi kuwa ya kafa su, ya durƙusa gabansu, ya ƙona masu turare. Wani annabi ya tambaye shi yaya za ya nemi taimakon allolin da suka kasa ceton mutanensu daga hannunshi. Sarki ya katse shi, ya ce wa ya naɗa shi mai ba sarki shawara, shi yi shiru in ba ya son mutuwa.

Wani dattijo cikinmu ya ce wanga sarki dai wawa ne. Ni ban ga haka ba. A ganina ya san abin da yake so. Allah ya taɓa aiko mashi da "a'a", kuma ta ci mashi azurfa. Gunki kuwa ba ya tsawata ma kowa. Kai ka ɗauko shi, kai ka ajiye shi inda kake so, ba ya aiko annabi. Bayan haka Amaziya ya tsokani Yehowash sarkin Isra'ila da yaƙi, aka ci shi a Bet-shemesh, aka rushe kamu 400 na garun Urushalima. Ƙarshe mutanenshi suka ƙulla mashi makirci, ya gudu Lakish, suka bi shi can suka kashe shi.

Ɗanshi Uziya ya hau gado shina da shekara 16. In kun ga an rubuta Azariya a littafinku, kada ku ruɗe, sunanshi ne na biyu. Ya yi shekara 52 bisa sarauta. Wanga sarki namu ne, ƴan'uwa, don littafin ya shaida shina son aikin ƙasa. Shina da garken dabbobi masu yawa, da manoma, da masu gyaran gonakin inabi bisa tuddai. Ya sa an haƙa rijiyoyi da yawa, irin na ƙasarsu, waɗanda ake sassaƙawa cikin dutse don tara ruwan sama, dabbobi su sha da rani. Ya gina hasumiyoyi cikin daji don tsaron makiyaya. Wanda ya taɓa kwana bakin rijiya shina jiran layin shayarwa ya san darajar irin wanga shugaba. Mayaƙanshi 307.500 ne, sunanshi ya kai har iyakar Masar. Kuma tun shina yaro akwai wani malami, Zakariya, mai koya mashi tsoron Allah. Muddin shina neman Allah, al'amuranshi na tafiya daidai.

Da ƙarfi ya samu, sai ya ɗauki kaskon turare ya shiga Haikali. Uziya bai bi gumaka ba kamar ubanshi. Ɗakin Allah na gaskiya ya shiga, kuma aikin ibada ya tafi yi. Wanda ya hange shi daga nesa sai ya ce kai, sarkinmu mai addini ne. Amma Shari'ar Musa ta keɓe ƙona turare ga firistoci, zuriyar Haruna. Garu nashi ne, mayaƙa nashi ne, rijiyoyi nashi ne. Ɗaki guda ya rage da aka ce ba nashi ba, shi ne ya tsone mashi ido.

Babban firist ya bi shi ciki da firistoci 80. Suka ce mashi wanga aiki ba nashi ba ne, shi fita. Nan ne nake sa masu karatu su dakata su sake layin, don har lokacin lafiyarshi lau. Da ya ajiye kaskon ya fita, wataƙila da labarin ya ƙare nan. Sai ya husata. Shina cikin faɗa da su, kasko a hannu, cuta ta fito mashi a goshi. Suka gaggauta fitar da shi, shi ma kanshi ya yi sauri ya fita.

Bari in tsaya kaɗan, don kada wani ya ɗauki labarin ga ya je shina zargin maƙwabcinshi. Kalmar da aka juya da "kuturta" a harshen Ibraniyawa ta haɗa cututtukan fata iri-iri. Kuturtar da muka sani ƙwayar cuta ke kawo ta, tana kama mai kirki da maras kirki. Tun 1981 akwai haɗin magungunan da ke warkar da ita, tun 1995 kyauta ake ba da su. A nan ƙasar Maraɗi asibitin Danja ya daɗe da wanga aiki. Wanda ya ga tabo a jikinshi wanda ba ya jin taɓi, shi tafi likita da wuri.

Abin da ya sa nake jin tsoron labarin Uziya, aikina ne. Mutum ya zo aji ba ya iya riƙa alli, kowane baƙi sai ya tambaya, ko yaro ya gyara mashi ya yi godiya. Shekara uku baya shi ke riƙe da littafin bankin cimaka na gari. Na san wani haka, ba zan faɗi garinsu ba. Wata tsohuwa ta ce mashi tiya 12 ta mayar, shi ya ce 10, ta roƙa shi karanta mata layin. Ya rufe littafin, ya ce in ta iya ta zo ta karanta da kanta. Da aka bincika, lissafinshi daidai ne, bai ci ƙwaya guda ba. Amma tun ranar ba wanda ya sake tambayar shi komi, kuma da kaka ta zagayo mata da yawa ba su kai hatsinsu ba. Mu malamai, da fastoci, da dattawan ikilisiya, ƙofar ta fi kusa da mu, don mu namu kaskon turaren kullum shina kama da aikin Allah.

Uziya ya ƙare kwanakinshi a wani gida can ware, ba ya shiga Haikali ko don sujada. Ɗanshi Yotam ya riƙa fada. Da ya rasu, aka binne shi a wani fili kusa da kaburburan sarakuna, ba a cikinsu ba. A shekarar nan ce annabi Ishaya ya ga wahayin Ubangiji bisa kursiyi.

A 1931 wani malamin jami'a, Sukenik, ya ga wani ɗan allon dutse cikin kayan tarihi na gidan ibadar Rashawa, bisa Dutsen Zaitun. An rubuta shi da harshen Aramiya wajen zamanin Yesu, shekaru ɗaruruwa bayan mutuwar sarkin. Rubutun na cewa nan aka maido ƙasusuwan Uziya sarkin Yahuza, kada a buɗe. Allon shina ajiye a gidan tarihi na Urushalima.