Yatsu Uku da Agogon Ƙirji

Abu na farko da aka koya mana a makarantar koyon aikin jinya, a farkon shekarun 1980, tun kafin a bar mu mu riƙe sirinji, shi ne yadda ake kama wuyan hannun majinyaci. Yatsu uku ake ɗorawa ta gefen babban yatsa, inda jijiya take harbawa, ido kuma yana kan ɗan agogon da kowace nas take maƙalawa a ƙirjin rigarta. A kife yake rataye, don mai shi ta sunkuyar da kai kawai ta karanta ba tare da ta saki hannun ba. Ba a sa babban yatsa, saboda shi ma yana da nasa bugun, sai ki ƙirga naki kina zaton na mara lafiya ne. In bugun yana tafiya daidai, a ƙirga na daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu. In yana tuntuɓe, sai an cika minti guda cif. Malamarmu, wata dattijuwa da ba ta dariya a bakin aiki, takan bi bayanmu ta sake ƙirgawa da kanta, kuma kaiton wadda lissafinta ya saɓa da nata.

Zuciyar baligi mai lafiya, in yana zaune, tana bugawa tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti. Amma adadin bai kai tsarin muhimmanci ba. Akwai wani irin bugu da hannu ba ya mantawa in ya taɓa jin sa sau ɗaya: kamar mata biyu suna lugude, ɗaya ta ɓata hannu, taɓarya tana sauka inda ba a zata ba, wani saukar da ƙarfi, wani da ƙyar. Likitoci suna taƙaita sunan ciwon da AF. Ɗakuna biyu na saman zuciya ne suke daina matsewa yadda ya kamata, su koma karkarwa. Jini sai ya kwanta a wani lungu ya daskare, wata rana gudan ya ɓalle ya bi jijiya ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa. Mai wannan ciwo ya ninka waninsa kusan sau biyar wajen haɗarin shanyewar ɓarin jiki. A gida kuwa, in dattijo ya wayi gari baki ya karkace, hannu ya saki, cewa ake yi iska ta buge shi, a fara da hayaƙi da rubutu, sai an kwana biyu a kawo mana shi.

A ɗakin mata na fi daɗewa, kuma a can na san ciwon zuciya ba na tsofaffi ba ne kaɗai. Masu jego ne suka cika gadajen, 'yan shekara goma sha takwas, ashirin, ƙafafu a kumbure, ba sa iya kwanciya sai an tara musu matasai, jariri yana hannun kaka a baranda. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi rubutu daga Zariya a kan yawan gazawar zuciya bayan haihuwa a ƙasar Hausa, suka danganta wani ɓangare na abin da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Mu 'yan gida mun sha wuya a tsakani. Ki hana kunun da rana, da daddare uwar miji ta shigo da shi a fulas, in kin yi magana ta ce, "'Yar nan, ke ba da shi aka yi jegonki ba?" Ban da su akwai 'yan mata da samari waɗanda ciwon maƙogwaro na ƙuruciya, da ba a yi masa maganin fenisilin ba, ya lalata musu ƙofofin zuciya. Su ne suka fi zuwa da wancan bugun mai tuntuɓe.

Don irinsu muke aiki mu biyu a gado ɗaya. Ɗaya ta kara abin sauraro a ƙirji, ɗaya ta riƙe wuyan hannu, agogo guda a tsakiya, a fara tare a tsaya tare. Sai ta ƙirji ta ce 120, ta hannu ta ce 95. Ragowar su ne bugun da ba su da ƙarfin isowa hannu. Kafin a ba da ƙwayar zuciya ta digozin ma sai an ƙirga, in ya gaza 60 a dakata a kira likita.

Na'urar ECG, mai zana bugun zuciya a takarda, guda ɗaya ce a asibitinmu, a kan ɗan keke ake tura ta, makullin ɗakinta yana aljihun mutum ɗaya. A littafi mun karanta cewa wadda Willem Einthoven ya ƙera a garin Leiden na ƙasar Holan a farkon ƙarni na 20 ta kai kilo 270, mutum biyar suke sarrafa ta, mara lafiya kuma yana zaune hannuwansa da ƙafarsa ɗaya a cikin bokitan ruwan gishiri. Ya samu kyautar Nobel a 1924. Muka yi ta dariyar bokitan, alhali tamu ma ba kullum take amsa kira ba. Yau babu wuta, gobe mai makulli ya tafi jana'iza, bayan karyewar darajar naira a 1986 kuma takardar da take zane a kai ta zama sai mai rabo.

Sai dai ba nan gizo yake saƙar ba. Ko da komai ya haɗu, na'urar tana ɗaukar abin da zuciya take yi ne na 'yan daƙiƙoƙi, shi kuwa wannan ciwo a farkonsa zuwa yake ya tafi. Ina tuna wani dattijo mai sayar da goro da ya riƙa zuwa da sassafe. "Sista," in ji shi, "da daddare yake zuwa, in gari ya waye sai ya gudu." Na kama hannunsa, lafiya ƙalau. Aka yi masa ECG, lafiya ƙalau. Na ce, "Baba, ka rage goro da tunani," domin abin da takarda ta nuna ke nan. Bayan wasu watanni 'ya'yansa suka shigo da shi ranga-ranga, ɓarin dama ya mutu, a ranar kuwa ko ɗalibar shekarar farko za ta ji rikicewar bugun. Abin da yake buƙata tun farko na'urar da za ta kwana a jikinsa ce. Akwai ta: Norman Holter na jihar Montana a Amurka ya fara gwada irinta a ƙarshen shekarun 1940, jaka ce ta goyo mai nauyin kilo 38, daga baya aka ƙanƙanta ta. Mu dai a jarrabawa muka san ta.

Shi ya sa ban iya raina agogon komai-da-ruwanka ba, duk da abokan aikina na da suna kiran sa kayan wasan yara. Bayan na yi ritaya ɗana ya kawo mini ɗaya, ya ce, "Umma, ga mataimakiyar nas." A bayansa akwai koren haske da yake haska fata, jini yana shanye koren haske, don haka duk bugu ɗaya hasken da yake dawowa yana sauyawa, da haka yake ƙirgawa dare da rana. A 2018 kamfanin Apple ya fitar da wanda ake ɗora yatsa a kan maɓallinsa na gefe na daƙiƙa 30 ya zana ECG, Samsung da Fitbit da Huawei su ma suka fito da nasu. Layi ɗaya yake zanawa, na asibiti 12, amma layi ɗaya da aka ɗauka ƙarfe biyun dare, lokacin da abin yake faruwa, ya fi goma sha biyun da aka ɗauka bayan ya wuce. Da mai goro yana da shi, da mun ga abin da yake faɗa mana da baki.

Da na karanta binciken da Jami'ar Stanford ta yi da Apple, wanda aka buga a 2019, sai murnata ta ragu. Mutum 419,297 ne suka shiga, agogo ya yi wa 2,161 gargaɗi. A cikin 450 da aka liƙa wa na'urar tantancewa a ƙirji daga baya, kashi 34 cikin 100 aka samu da AF. Wannan ba laifin agogo ba ne kacokan, tunda ciwon ɓuya yake. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne su wa ke ɗaure da shi: fiye da rabinsu ba su kai shekara 40 ba, kuma a cikinsu waɗanda aka yi wa gargaɗi ba su kai biyu a dubu ba, alhali a cikin 'yan 65 zuwa sama sun haura uku a ɗari. A unguwarmu ma haka abin yake. Samari ne suke ƙwanƙwasa mini ƙofa bayan isha'i, "Hajiya, agogona ya ce 110," in na bincika ya sha shayi mai kauri kofi uku ko ya hau bene da gudu. Kakarsa mai hawan jini tana ɗaki, ba wanda ya taɓa auna ta. Wani ma na kasuwa ne mai araha ya kawo. Na ɗaura wa gorar ruwa, ya ba ta bugun zuciya.

Sannan in agogon ya yi gaskiya fa? Nan aikin yake farawa. Sai an tabbatar da ECG na asibiti, a yi hoton zuciya a duba ƙofofinta, likita ya auna shekaru da hawan jini da ciwon suga kafin ya yanke ko za a ba da maganin tsinka jini, domin maganin kansa yana iya jawo zubar jini. Wafarin, wanda ya fara fitowa a matsayin maganin ɓera kafin a amince da shi ga mutane a 1954, yana da araha, amma sai ana gwajin jini a kai a kai ana daidaita shi. Sababbin ƙwayoyin ba sa buƙatar wannan gwaji, sai dai tsada, kuma wani babban bincike da aka buga a 2022, a kan mutum fiye da 4,500 masu lalacewar ƙofofin zuciya irin na 'yan matan ɗakinmu, ya nuna tsohon maganin ya fi rivaroxaban, ɗaya daga cikin sababbin, kare rayukansu. Ke nan matar ƙauye ba ta tsira daga kuɗin mota da layin ɗakin gwaji ba. Ni a ganina gwamnatin da ta sa ECG mai aiki da wannan gwajin jini a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma ta fi wadda ta raba agogo dubu amfani.

Wanda Allah ya hore wa ya sayi na ƙwarai, ya kwance shi daga hannunsa ya ɗaura wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ya kuma ware kuɗin asibitin da zai biyo baya. A sani kuma agogon ba ya gane toshewar jijiyar zuciya, masu ƙera shi da kansu sun rubuta haka. Wanda ƙirjinsa ya ɗaure yana zufa, ko bakinsa ya karkace, ko magana ta sarƙe masa, kada a tsaya duba agogo ko jiran gari ya waye, a sa shi a mota a nufi asibiti.