"Allah Ya Nuna Mini": Wa Zai Auna?

A ikilisiya ba maganar da take rufe bakin mutum kamar "Ubangiji ya faɗa mini." Da an furta ta, sai mai tambaya ya zama kamar da Allah yake gardama.

Wata ƙanwata a zumuntar matasa ta yi wata uku ba ta samun barci, don wani ɗan'uwa ya ce a mafarki aka nuna masa ita ce matarsa. Ba ta son sa, amma tana tsoron kada ƙin sa ya zama ƙin nufin Allah. Na tambaye ta: Allahn da ya san hanyar ɗakinsa, ya manta hanyar naki ne?

Muka buɗe Irmiya sura 28 tare. Hananiya ya tsaya a Haikali, da sunan Ubangiji, ya ce cikin shekara biyu za a karya ikon Babila. Har karkiyar da ke wuyan Irmiya ya cire ya karya a gaban jama'a. Saƙon Irmiya kuwa shekara 70 ne na bauta. Da muna wurin, wa za mu tafa wa? Hananiya mana, shi ne mai daɗin baki. Wata biyu bayan haka ya mutu. Ƙarfin murya da rantsuwa da sunan Allah ba su tabbatar da komai ba ranar.

Shi ya sa Bulus ya umarci Korintiyawa, idan annabawa sun yi magana, sauran su auna. Ke nan aunawa ba raini ba ce, aikin ikilisiya ne. Ya yi daidai da Littafi Mai Tsarki? Mai maganar zai yarda dattawa su ji, ko sai a ɓoye? Me zai samu in na amince? (Wahayin da kullum yake ƙarewa da lambar asusun banki, ni dai ina ja da baya.)

Ko annabcin gaskiya ma ba ya ƙwace wa mutum shawararsa. Agabus ya gaya wa Bulus za a ɗaure shi a Urushalima, abokai suka yi ta roƙonsa kada ya je, ya tafi.

Ƙanwar tawa ta nemi su kai maganar gaban fasto da iyayenta. Ɗan'uwan ya ce ba a umarce shi ya gaya wa kowa ba.